Ƙwanƙwasa A Ƙarƙashin Mota

Kai mai karatu, ko kana da mota taka, ko kana tuƙa ta maigidanka, ko kuwa kai yaron gareji ne mai neman sanin sana'a, ga wata magana wadda za ta amfane ka.

A ce ka fito daga gida da sassafe a Unguwar Dosa, ko Badarawa, ko Hayin Banki. Kafin ka kai bakin kwalta sai ka bi ta wani layi inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa, ya bar ramuka. Kana tafiya sannu sannu, sai ka ji wani abu a gaba, wajen ƙafafunka, yana ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ka ce an zuba ƙarafa cikin gwangwani ana girgizawa. Da ka hau titin Ali Akilu, inda kwalta ta ke sumul, sai ka ji tsit. Ka ce a ranka, ai ta warke. To, mota ba ta warkewa don kanta. Da yamma in ka komo gida za ka tarad da ƙarar tana jiranka a bakin layi.

Mutane da yawa in sun ji wannan ƙara sai gabansu ya faɗi, su ce ƙafar motar duka ta mutu. Wani ya tafi gareji, a ce masa shokozoba ce, ya ƙirga kuɗi masu yawa ya biya, ya hau motarsa, tun bai kai gida ba ƙarar ta komo. Wani kuma ya toshe kunnensa, ya ƙara muryar rediyo, ya yi ta tafiya har abin ya karye. Dukansu biyu sun yi hasara. Sau da yawa mai yin wannan ƙara wani ɗan ƙarfe ne siriri, wanda kaurinsa bai fi na yatsanka ba, kuɗinsa kuwa bai kai kusa da na shokozoba ba. Makanikai suna kiransa linkej. In ka san shi, ka san aikinsa, ka kuma san yadda a ke gane ya gaji, ba mai sayar maka da doki alhali jaki ka ke bukata.

Sandar da ke hana mota karkata

Kafin mu kai ga linkej sai mu fara da uwarsa. Jikin mota ba a kan ƙafafunta ya ke zaune kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai sifirin, watau ƙarfen nan mai murɗe wanda ke lotsawa ya miƙe, da shokozoba wadda ke hana sifirin yin ta tsalle. Sabo da su ne ka ke shiga rami ba ka ji a ƙugunka ba. Amma abin da ke da laushi yana da aibi guda. In ka sha kwana, jikin motar ya kan karkata waje. Ka lura da kanka a shataletale. Tun shekarar 1972 a hannun dama a ke tuƙi a Nijeriya, sabo da haka in ka shiga shataletale hagu ka ke zagayawa, motar kuwa sai ta kwanta dama, wajen wanda ke zaune kusa da kai.

Don a rage wannan karkata aka sa wata sanda ta baƙin ƙarfe mai tauri a ƙarƙashin mota, daga wannan gefe zuwa wancan. Makanikai suna kiranta sitabilaiza. Siffarta kamar harafin U ce, in an buɗe bakinsa da faɗi. Tsakiyarta tana maƙale a jikin mota da roba biyu da a ke kira bushin. Hannuwanta biyu kuwa, ɗaya yana zuwa wajen ƙafar hagu, ɗaya wajen ƙafar dama.

Ga yadda ta ke aiki. Ka sami ɗanyar tsumagiya, ka riƙe ta a kwance da hannu biyu. In ka juya hannuwanka gaba tare, za ta bi ka ba gardama. Amma in ka juya hannun dama gaba, na hagu baya, sai ka ji tana ja da kai, tana neman komawa yadda ta ke. Haka sandar nan ta ke. In ƙafafun gaba biyu sun hau tudu tare, sai ta juya cikin bushin ɗinta, ba ruwanta. In kuwa ƙafa ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, kamar yadda su kan yi a kwana, tilas ta murɗe, in ta murɗe kuwa sai ta yi gardama, ta danne gefen da ke tashi, ta tallafi gefen da ke kwanciya.

Wannan dabara ba ta jiya ba ce. A shekarar 1919 aka ba wani mutumin Kanada, Stephen Coleman, takardar shaidar ƙirƙiro irin wannan sanda, watau shekara biyu bayan da aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Motar Peugeot 504, wadda dattawan direbobi ba su gajiya da yabonta, tana da ita a gaba. A nan Kaduna, a Kakuri, ƙetaren kogi, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a shekarar 1975, aka yi ta haɗa 504 a can har 2006. Yau kuwa da wuya ka sami ƙaramar mota wadda ba ta da wannan sanda.

To, bakin sandar ba ya taɓa ƙafar mota da kansa. Sai da ɗan aike tsakani, shi ne linkej. Bakinsa ɗaya yana riƙe da hannun sandar, ɗayan yana riƙe da jikin shokozoba, ko kuwa da hannun ƙasa na ƙafar, wanda makanikai ke kira lowa-am. Ko wane gefe yana da nasa, watau biyu ke nan a gaba. Na wata mota tsawonsa bai wuce yatsa ba, na wata ya fi taƙi.

Iri biyu ne. Na farko doguwar ƙusa ce mai zare, an jera mata 'yan robobi da wasa, watau faifan ƙarfe, a sama da ƙasa. Tsofaffin motoci da waɗansu manya su ne suka fi yin amfani da shi. Na biyu, wanda ya fi yawa yanzu, yana da gaɓa a ko wane baki. Gaɓar nan kamar ta kafaɗarka ce: ƙwallon ƙarfe ne zaune cikin ɗan ƙoƙo, an cika da giris, an rufe da 'yar hular roba don kada ƙasa ta shiga.

Akwai waɗansu tsofaffin motoci da ba su da linkej sam, bakin sandar ya shiga cikin lowa-am kai tsaye. A cikin irinsu sandar tana taimakon riƙe ƙafar a wurinta. In taka irin wannan ce, kada ka yarda a kwance sandar a tuƙa motar ko taku goma.

Abin da ke cinye shi

Ba nauyi kaɗai ke kashe linkej ba. Hular robar nan ita ce ransa. Muddin tana nan lafiya, giris yana ciki, ƙwallon yana juyawa sumul. Amma roba ba ta son zafi, ba ta son tsufa. Ran da ta tsage, aiki ya lalace.

Dubi yadda shekara ta ke a Kaduna. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura mai laushi tana shiga ko ina. Ta sami tsagar nan, ta gauraya da giris, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Bazara ta zo ta gasa robar ta ƙara bushewa. Sa'an nan damina ta sauka, ruwa ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, motar ta riƙa kutsawa cikin kududdufi, ruwa ya wanke ragowar giris, tsatsa ta kama. Ƙwallon ya ci ƙoƙonsa, wuri ya buɗe tsakaninsu. Ko da buɗewar ba ta fi kaurin farce ba, ta isa ta yi ƙarar da za ta cika maka kunne, gama ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, jikin mota kuwa kamar ganga ya ke, yana ƙara sauti.

Gaskiya ne tun daga 2019 an gyara manyan tituna da yawa a cikin gari, an kuma buɗe sabuwar gadar Kawo a 2022. Amma mota ba a babban titi ta ke kwana ba. Layin unguwa shi ke cin linkej, musamman ramin da ƙafa ɗaya ke faɗawa ɗaya tana sama. Haka kuma direban da ke hawa tudun rage gudu a karkace, yana zaton yana lallashin motarsa. Ƙasan motar ya ke ceto daga gurzuwa, amma sandar da linkej su ke biya, don ko wane hawa a karkace murɗa ce a gare su.

Ka tuna kuma yawancin motocin da ke hannunmu sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso. A ƙasashen sanyi a kan watsa gishiri a kan titi don ƙanƙara ta narke, gishiri kuwa abokin tsatsa ne. Mota ta kan zo fentinta yana ƙyalli, ƙarƙashinta kuwa ya riga ya tsufa.

Ka fara da kunne

Mai hankali ba ya fara kwance mota sai ya saurare ta. Kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka sami layi mai gargada, ka bi shi a hankali da giya ta ɗaya ko ta biyu.

Ƙarar linkej ƙarama ce mai sauri, tana zuwa a jere, ƙwas ƙwas ƙwas, a kan ƙananan ramuka da tsakuwa. Ta fi fitowa in ƙafa ɗaya ce ta taka rami. In ka hau tudu sosai, ƙafa biyu tare, sau da yawa ta kan ragu ko ta ɓace. Wannan babbar alama ce, ka riƙe ta da kyau. In ka yi gudu a kan kwalta mai kyau ba ka jin kome.

Amma ƙarƙashin mota gida ne mai mutane da yawa, ko wanne da irin muryarsa. In ƙarar mai nauyi ce, dum, dum, ko kuwa tana kuka kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba, ka tuhumi bushin na tsakiyar sandar. In gurnani ka ke ji wanda ke ƙaruwa da gudu, ko a kan kwalta, wannan boris na ƙafa ne. In sai ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana tafiya ka ke jin ƙat ƙat ƙat, wannan gaɓar shaf ce, mai kai ƙarfin inji ga ƙafa. In motar tana ta lilo bayan ta wuce rami, ka kuma ga mai yana tsiyaya a jikin shokozoba, to, a nan ne maganar shokozoba ta tashi.

Ga wani abu kuma. Linkej ba ya sa taya ta ci gefe guda, ba ya sa mota ta riƙa ja hagu ko dama a miƙaƙƙiyar hanya, ba ya sa sitiyari ya yi sako-sako. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, laifin yana wani wuri, watakila tayarod, watau sandar da ke juya ƙafa, ko boljoyin, babbar gaɓar da ƙafar ke tsaye a kanta. Waɗannan biyu ba a wasa da su. In boljoyin ya fita, ƙafar ta kan kwanta a tsakiyar titi. Ka sha ganin irin wannan a hanya, mota ta durƙusa kamar raƙumi. Mai irin wannan alama kada ya jira gobe.

Sa'an nan ido da hannu

Ka tsai da motar a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka kashe inji, ka bari ƙarafan birki su huce don suna ƙuna. Murɗe sitiyari har ƙarshe, ka tsuguna ka leƙa bayan taya. Za ka ga ɗan ƙarfen a tsaye. Dubi hular robarsa. Ta tsage? Giris ya fito ya yi baƙi? Akwai jan gari na tsatsa kewaye da gaɓar? Ƙarfen ya lanƙwashe? In mai robobi ne, sun fashe, ko ɗaya ta faɗi? Wani lokaci ma za ka tarar ba abin da ya lalace, noti ne kawai ya saki, ka ɗaure shi, magana ta ƙare.

In ido bai nuna maka ba, hannu zai nuna. Kama linkej ka jijjiga shi sama da ƙasa da ƙarfi. Lafiyayye ya kan ɗan juya, amma ba ya motsi sama da ƙasa, ba ya ƙara. Abin da ya fi wannan, ka kira wani ya tsaya a gefe, ya kama saman motar ya riƙa girgiza ta hagu da dama, kai kuwa ka ɗora yatsunka a kan gaɓar. In ta gaji za ka ji bugu a cikin yatsunka kamar bugun jijiya, ko da kunnenka bai ji ba. Ka kula kada ka cusa yatsa tsakanin zoben sifirin. Ka gwada gaɓar sama, ka gwada ta ƙasa, ka zagaya ɗaya gefen. Kada ka amince da kunne wajen sanin gefe, don ƙara tana bin sandar ta fito inda ba a zata ba.

A nan ne mutane da yawa su ke ruɗewa, har da waɗansu makanikai. Sai a kafa jak a ɗaga gefe guda, a jijjiga linkej, a ji shi gam, a ce lafiyarsa lau. Ka tuna tsumagiyar nan. Da zarar ƙafa ɗaya ta rataya ɗaya tana ƙasa, sandar ta murɗe, ta ja linkej ta ɗaure shi tamau. Ko wanda ya mutu murus zai yi kamar sabo. Sabo da haka a gwada shi ƙafafu biyu suna ƙasa, ko a kan ramin gareji, ko kuwa a ɗaga gaban motar duka biyu.

In har yanzu ana shakka, akwai gwajin da ke raba gardama. A kwance linkej na gefe biyu, a ɗaure hannuwan sandar da waya yadda ba za su taɓa kome ba, a zagaya layin nan mai gargada a hankali. In ƙarar ta ɗauke, laifin yana ga linkej ko bushin na sandar. In tana nan, a nemi ɓarawo a wani gida. Wannan gwaji na cikin unguwa ne, na 'yan mintoci, ba na hawa babban titi ba.

Masu cewa a cire a yar

Za ka gamu da mai ce maka, ai wannan ƙarfe ba shi da amfani, ado ne na Turawa, a cire shi ka huta da ƙara. Zai cire, ƙarar kuwa za ta tafi, ka ga kamar ya yi gaskiya. Wani kuma zai naɗe gaɓar da robar tsohon tub, ko ya bubbuge ƙoƙon da guduma don ya matse, ko ya kai wa mai walda. Naɗi da bugu kwana kaɗan su ke yi. Walda kuwa ta fi su muni, gama gaɓa don ta motsa aka yi ta, in an daskarar da ita sai wani wuri ya karye.

Gaskiyar magana, mota ba ta tsayawa don linkej ya tsinke, ƙafa kuma ba ta fita. Shi ya sa a ke raina shi. Kana iya lallaɓawa da ita zuwa gareji. Amma ka sani, in ɗaya ya tsinke sandar duka ta daina aiki, don ba ta murɗuwa sai an riƙe ta baki biyu. A cikin gari, da tafiyar hankali, ba za ka ji bambanci mai yawa ba. Ranar da za ka ji, ita ce ranar da ka ɗauko fasinja daga tashar Kawo, ka kama hanyar Zariya, tafiyar kamar mil 50, mota cike da mutane, but cike da kaya, kana cikin gudu sai akuya ta faɗo titi. Ka kauce hagu, ka komo dama. Motar da sandarta ke aiki za ta ɗan kwanta ta miƙe. Wadda aka cire wa za ta kwanta ƙwarai, ta yi jinkirin amsa sitiyari, in ta tashi komowa ta wuce wuri, bayanta ya nemi zamewa. Mota mai tsawo, irin su jif da bas da Sharon, ita ta fi shiga wannan hatsari, balle in an ɗora kaya a samanta.

Har wa yau, guntun da ya tsinke ba ya zama wuri ɗaya. Yana lilo, yana iya yankar gefen taya, ko ya huda robar shaf, ko ya gurji tiyon birki. Abin kuɗi kaɗan ya jawo na kuɗi da yawa.

Sayen sabo

In za ka saye, ka tafi da tsohon a hannunka, ko Oriapata za ka, ko Panteka, ko wani shago na kusa da kai. Sunan mota kaɗai bai isa ba, don Corolla ta wannan shekara da ta waccan ba lalle linkej ɗinsu ya zama ɗaya ba. Ka jera tsoho da sabo a kan tebur. Tsawonsu ya zama ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, kaurin zaren ya zama ɗaya, kawunan su fuskanci inda na tsohon suka fuskanta. A waɗansu motoci na hagu dabam ne da na dama, har a kan buga musu harafin L da R. Ga amfanin karatu ke nan: L na hagu ne, gefen direba, R na dama.

Kama kan gaɓar ka motsa da yatsa. Mai kyau yana da tauri, yana tafiya sumul. In yana kaɗawa kamar haƙorin da ya kusa fita, ajiye shi. Dubi robar, ta zama mai kauri da laushi.

Mutanenmu suna son kayan Beljiyam, watau waɗanda aka ciro daga tsofaffin motocin waje, suna cewa sun fi sababbin jabu ƙarko. A kan waɗansu kaya suna da gaskiya. Amma a ganina linkej ba ya cikinsu, sai in ba yadda za a yi. Abu ne mai cinyewa kamar takalmi, ba ka kuwa san tafiyar da ya riga ya yi ba. Sabo mai kyau ya fi, in ka sami mai shagon da ka amince da shi. Ka sayi biyu, ka canza gefe biyu tare. Tare aka sa su, hanya ɗaya suka bi, in ɗaya ya gaji ɗan'uwansa yana bayansa.

Yadda a ke canzawa

Aikin ba shi da wuya. Wanda ya saba, in tsatsa ba ta hana shi ba, ba ya cin sa'a guda. Ko ba kai za ka yi ba, ka tsaya ka ga an yi daidai.

Kayan aiki su ne jak, da abin tokare mota, da sifana daidai bakin noti, da alanki, watau ɗan makullin nan mai kusurwa 6, da burushin waya, da man sassauta tsatsa ko kalanzir.

A tsai da mota a ƙasa mai tauri, a ja birkin hannu, a tare ƙafafun baya da dutse ko itace. A sassauta notin taya tun motar tana ƙasa. Sa'an nan a ɗaga gaba, gefe biyu, a tokare da ƙafar ƙarfe ko gungumen itace mai ƙarfi. Ka ji wannan da kyau: kada ka sa kanka ko hannunka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka tokare da bulon siminti, gama yana fashewa ba sallama. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin motar a kwance, ta zama mataimakiya.

A goge zaren da burushi, a zuba mai, a ba shi 'yan mintoci. Da ka fara juya noti za ka ga ƙwallon yana juyawa tare da shi, notin ba ya fita. Ba lalacewa ba ce, haka ya ke. Dubi kan zaren, akwai ɗan rami na alanki, ko kuwa a bayan gaɓar akwai wurin da siririn sifana ke kamawa. Riƙe nan, ka juya notin. Ka share ramin sosai kafin ka sa alanki, ka tura shi har ƙasa, in ba haka ba zai cinye bakin ramin. In tsatsa ta ƙi, a yanke da zarto, tun da tsohon ba komawa zai yi ba. Amma a nisanci wuta. Tiyon birki yana nan kusa, da wayar birki a motocin zamani, shokozoba kuma akwai mai a cikinta, da yawa har da iska mai matsi.

In tsohon ya fita, kafin ka sa sabo ka kama hannun sandar ka jijjiga. In tana motsi cikin bushin ɗinta, canza su yanzu, tun hannunka yana wurin.

A sa sabo yadda tsohon ya ke. A fara ɗaura noti da hannu, sama da ƙasa, don kada zare ya hau karkace. In ramin bai yi daidai da zaren ba, kada a buga da guduma. A sa jak ƙarƙashin lowa-am a ɗaga kaɗan, ko a danna hannun sandar da liba, sai su haɗu. A yi aiki da sabon notin da ya zo tare da shi, don yawancinsu suna da zoben roba a ciki mai hana su kwancewa, tsoho kuwa ya riga ya saki. A riƙe ƙwallon a ɗaure, kada a bari ya yi ta juyawa ya murɗe hular. Ko wace mota akwai ƙarfin ɗauri da maƙeranta suka rubuta a littafinta, akwai kuma sifana mai awo na wannan aiki. In garejin yana da shi, a yi amfani da shi. In babu, a ɗaure gam, amma ban da hawa kan sifana da ƙafa.

Mai robobi kuwa nasa dabam ne. A jera robobi da wasa yadda aka tarad da su, a bar ɗaurin ƙarshe sai nauyin motar ya sauka a kan ƙafafunta. A ɗaure har robar ta ɗan kumbura ta yi daidai da faɗin wasa, a tsaya nan. Wanda ya matse ta har ta baje ya kashe ta tun ran farko.

A mai da taya, a ɗaure notinta a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi, a sauke motar, a ƙara ɗaurewa. In linkej kaɗai aka taɓa, ba a bukatar kai mota wurin saitin ƙafa, don ba shi ke riƙe da saitin ba. Wanda ya ce maka tilas ne, ka tambaye shi me kuma ya kwance.

Daga nan sai ka koma layin da ka fara jin ƙarar, ka bi ramukan nan da ka sani ɗaya ɗaya, gilashi a sauke. Ka shiga shataletale ka ji yadda ta ke kwanciya. Bayan mako guda ka sake leƙawa, ka sa sifana a kan notin nan 4 ka ji ko wani ya saki. In kuwa ƙara ta ragu amma ba ta ɗauke duka ba, watakila masu ƙarar biyu ne tun farko, babba ya rufe muryar ƙarami. Sai ka koma kan bushin na sandar, daga nan tayarod, da boljoyin, da robar saman shokozoba, kana ɗora hannu a kan ko wanne, abokinka yana girgiza motar.